TARKON ALKAMA DA RUWAN TIGA: Awon Littafin Andrae da Beckman da Mudun Ƙasar Kudancin Kano

1. Gabatarwa

A cikin shekara ta 1985 aka buga wani littafi na Turanci a birnin Landan mai suna The Wheat Trap, watau Tarkon Alkama. Waɗanda suka rubuta shi masana ne biyu mutanen ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, shi Beckman kuwa ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ko da ya ke alkama sunan littafin ya ambata, duk wanda ya karanta shi da natsuwa zai ga ainihin maganarsa a kan kuɗin man fetur ta ke, da yadda kuɗin nan suka sauya abin da mutanen Nijeriya su ke ci da abin da su ke shukawa. Saboda haka ne har yanzu a ke lissafa shi cikin littattafan da a kan duba in ana so a san abin da arzikin mai ya kan jawo wa ƙasashe masu tasowa.

Nufin wannan takarda shi ne a auna littafin da mudun ƙasa guda wadda al'amarin ya faɗa wa, watau ƙasar kudancin Kano wadda ta haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba a taɓa haƙo ko da ɗigon mai a wannan ƙasa ba, amma a cikinta ne aka gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda ita ce uwar ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani uku da littafin ya bincika. Abin da za a nuna shi ne, hukuncin da marubutan suka yanke a kan alkama ya tabbata, amma alkama ta yi ƙanƙanta ta zama mudun da za a auna dukan abin da mai ya yi wa manomi da shi.

2. Yadda kuɗin mai suka iso

Kafin a shiga littafin, ya kamata a tuna da yadda al'amura suka bi juna. A cikin 1956 kamfanin Shell-BP ya sami mai a Oloibiri, aka fara fitar da shi waje a 1958. A lokacin nan gyaɗa da auduga da fata da ƙirgi da kuza su ne ƙarfin Arewa. Sai bayan da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 mai ya fara rinjaye. A cikin wannan shekara aka kafa dokar soja mai lamba 13, wadda ta ce a raba rabin kuɗin asusun tarayya daidai wa daida tsakanin jihohi, sauran rabin kuma bisa yawan jama'a. Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro a 1967, ta fi yawancin 'yan'uwanta jama'a, saboda haka kasonta ya yi kauri.

A kan wannan ƙarfi ne Gwamna Audu Bako ya ɗora ayyukansa na ruwa. Aka fara gina Tiga a kan kogin Kano a 1971, aka gama a 1974. Tafkin da ya taru a bayanta faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 178, ya miƙe kudu har ya taɓa dajin Falgore. Ana cikin ginin sai yaƙin Larabawa da Isra'ila ya ɓarke a watan Oktoba na 1973, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 cikin 'yan watanni. Daga 1974 mai ya zama fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da Nijeriya ta ke samu daga abin da ta ke sayarwa waje.

A daidai wannan lokaci kuma sai masifu suka auka wa manomi a jere. Fari ya yi tsanani daga 1972 zuwa 1974, ciwon kuturtar gyaɗa ya biyo baya a 1975, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Watau a shekarun da baitulmali ya cika ya batse, a shekarun ne rumbun talaka ya ƙone.

3. Abin da littafin ya ƙunsa

Maganar Andrae da Beckman a taƙaice ita ce wannan. Da kuɗin mai suka yi yawa, mutane suka kwarara birane neman aikin albashi da na kwangila, ga kuma ƙarin albashin Udoji wanda aka biya a farkon 1975. Leburan birni ba shi da mai yi masa daka, ba shi da lokacin jiran tuwo, sai burodi da shayi suka zama abincinsa. Naira kuwa ta yi ƙarfi ƙwarai, har a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, saboda haka alkamar Amurka ta zo da araha fiye da hatsin gida. Masana'antun niƙa fulawa suka bunƙasa, gidajen burodi suka yaɗu har ƙauyuka, alkamar da a ke shigowa da ita ta wuce tan miliyan ɗaya a shekara.

Da Gwamnati ta ga kuɗin da ke fita, sai ta ce maganin abin shi ne a noma alkama a gida. Ta zuba dukiya mai yawa a manyan ayyukan ban ruwa uku, watau na kogin Kano, da na Bakolori a ƙasar Sakkwato, da na kudancin tafkin Chadi a Borno. A nan ne marubutan suka ce tarkon ya ke. A ganinsu alkamar gida ba za ta taɓa isa ba, kuma tsadarta ta wuce misali, amma alkawarin cewa wata rana za ta isa shi ne ya ke ba da hujjar a ci gaba da shigowa da ta waje. Da haka mutane su ke ƙara sabawa da burodi, kafin a farga kuwa ya zama abin da ba a iya rabuwa da shi.

4. Inda littafin ya yi gaskiya

Lalle ne a yarda cewa wannan magana tana da ƙarfi, kuma gonakin da ruwan Tiga ya ke shayarwa sun gaskata ta. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin da a ke ban ruwa da jigo a ke noma ta kaɗan-kaɗan a fadamu, a yi alkaki da finkaso da taliya da gurasa, abincin sarakuna da attajirai da na ranar biki. Amma mai da ita abincin kullum na miliyoyin mutane wani abu ne dabam. Ita alkama sanyin hunturu ta ke so. Dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in an makara zafin bazara ya same ta tana fid da kai, amfanin ya ragu ƙwarai. Dawa kuwa, wadda ita ce abincin gidan manomi, kara kuma na danni da abincin dabbobi, ba ta barin gona sai wajen wannan lokaci. Saboda haka manomin da aka ce ya shuka alkama a kan kari, a haƙiƙa an ce masa ne ya bar dawa.

Binciken da Tina Wallace ta yi a wannan aiki na kogin Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya nuna irin wannan karo tsakanin tsarin ma'aikata da bukatar manomi. Ya kuma nuna yadda ƙaramin manomi, wanda ba shi da kuɗin tarakta da taki da 'yan ƙwadago, ya kan ba da hayar gonarsa ta rani ga mai hali. A Bakolori abin ya fi muni, domin a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da su ke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da yawa.

Shekarun da suka biyo baya sun ƙara wa littafin nauyi. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigowa da alkama daga watan Janairu na 1987, aka yi ta yekuwar noman alkama a Kano, amma abin da aka noma bai kusanci bukata ba, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, a 1992 aka janye hanin. Ko ƙasar Saudiyya, wadda ta fi Nijeriya kuɗin mai nesa ba kusa ba, ta gwada irin wannan. Ta noma alkama a hamada da ruwan ƙarƙashin ƙasa har ta riƙa sayarwa waje, sa'an nan a 2008 ta ga ruwan yana ƙarewa, ta yanke shawarar dainawa sannu a hankali. A cikin 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya tsauwala kuɗin alkama a duniya, Nijeriya tana shigowa da fiye da tan miliyan 4 a shekara, mai shayi na Kwanar Ɗangora kuwa ya ji zafin yaƙin a kuɗin burodinsa.

5. Inda mudun littafin ya gaza

Duk da haka, wanda ya tsaya a ƙasar kudancin Kano ya duba zai ga abubuwa uku waɗanda mudun alkama ba ya iya aunawa. Faɗinsu ba zargi ba ne ga marubutan, gama sun bayyana iyakar abin da suka ɗauka tun a sunan littafinsu. Gargaɗi ne ga mai karatu, kada ya ɗauki ɓangare a matsayin duka.

Na farko shi ne rabon ruwa da rabon hasara. Kowace madatsa tana da mutanen sama da mutanen ƙasa. Ruwan Tiga yana bin babbar hanyarsa ta Ruwan Kanya ya gangara arewa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, inda aka shirya shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin, wani kuma ya bi kogi zuwa matatar ruwan sha ta birnin Kano. Amma gonaki da fadamu da makiyaya da kushewun kakanni da tafkin ya haɗiye, na mutanen sama ne, waɗanda aka tasa aka mai da su sababbin matsugunai. Ruwa ba ya hawa tudu da kansa, saboda haka mutumin da gidansa ya ke kallon tafki ya kan zama shi ne ba ya samun ruwan noma sai ya sayi inji. Can ƙasa da nisa kuma, fadamun Haɗeja da Nguru sun rage samun ambaliyar da su ke rayuwa da ita, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Littafin da ya ke tambaya ko tan nawa na alkama aka samu, idonsa a kan gonakin tsakiya ya ke. Tambayar da ta fi dacewa da ƙasa mai arzikin mai ita ce, wa aka ɗauke wa, wa aka ba.

Na biyu shi ne masara. Babban juyin da zamanin mai ya kawo a gonakin Tudun Wada da Doguwa a noman damina ya faru, nesa da hanyoyin ruwan Gwamnati. A dā masara abin bayan gida ce, a gasa a ci kafin gero ya nuna. Amma daga shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, Gwamnati ta riƙa ɗaukar mafi yawan kuɗin takin zamani da kuɗin mai. Aka kuma samo sabon irin farar masara daga cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan, ayyukan raya karkara irin na Funtuwa, wanda aka fara a 1975, suka yaɗa shi, hukumar KNARDA ta Jihar Kano ta bi sawu a farkon shekarun 1980. Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama, ga kuma kwalta ta ratsa daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada da Falgore ta nufi Saminaka. Da waɗannan suka haɗu sai masara ta fita daga bayan gida ta cinye gonakin dawa da gyaɗa da auduga, ta zama amfanin sayarwa, tuwonta kuma ya shiga kowane gida. Wannan ci gaba ne na gaske, mutane da yawa sun yi rufin kwano sun je Makka da kuɗin masara. Amma masara ba ta yi sai da taki, takin yuriya kuwa da iskar gas a ke yin sa. Ashe akwai wani tarko na biyu kusa da na alkama, wanda ya kama manomi a gonarsa ta gado.

Na uku shi ne haraji, shi ne kuwa mafi zurfi. A zamanin En'e baitulmali a kan wuyan manomi ya ke. Dagaci ya tara haraji, hakimi ya kai Kano, a karɓi jangali wurin Fulani, hukumar ciniki kuma ta yanki rabonta a kan kowane buhun gyaɗa. Zalunci ya yi yawa a wannan tsari, shi ya sa jam'iyyar NEPU ta yi shekaru tana yaƙi da shi, kuma sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murna, murnarsu kuwa tana kan hanya. Amma abin lura shi ne, sokewar ta yiwu ne domin kuɗi suna zuwa daga Ikko kowane wata. A dā in damina ta ɓaci hukuma ta ji a aljihunta, saboda haka dole ta san halin da gona ta ke ciki. Bayan mai, gona ta yi kyau ko ta ɓaci, kason wata zai zo. Manomi ya huta da mai karɓa, amma ya tashi daga matsayin wanda a ke dogara da shi ya koma wanda a ke yi wa kyauta, ran da aka so a ba shi taki, ran da aka so a hana.

Irin wannan watsi ya sami Riruwai ta ƙasar Doguwa, inda aka san mutane da narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Ƙarfin naira ya rage wa duk abin da a ke fitarwa waje riba, ko gyaɗa ce ko kuza, abin da masana tattalin arziki su ke kira cutar Holan. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, babban aikin haƙar ma ya tsaya, baitulmali kuwa bai ji a jikinsa ba.

6. Abin da manoma suka yi da ruwan

Akwai kuma wani wurin da littafin da aka rubuta a 1985 ba shi da ikon hangowa. Wanda ya karanta shi zai iya zaton dukiyar da aka zuba a Tiga ta tafi a banza. Ba haka ya kasance ba. Da hannun ma'aikata ya yi sanyi, manoma suka juya ruwan ga abin da su suka ga ya fi musu, watau shinkafa da tumatir da albasa da masarar rani. Kura ta zama gari na masu casar shinkafa, Tudun Wada ta yi suna da kasuwar shinkafarta, manyan motoci su ke ɗibar tumatir daga Kwanar Gafan zuwa kudu. Masunta suka zauna a bakin tafki. Ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama, waɗanda suka yaɗu tun shekarun 1980, suka kai noman rani wuraren da hanyar ruwan Gwamnati ba ta je ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, manomi kuma ya fi mai zanen taswira sanin abin da gonarsa za ta karɓa.

Amma ko a nan igiyar mai ba ta tsinke ba. Injin ban ruwa fetur ya ke sha, haka motar da ke kai kaya kasuwa. A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye naira 1,000. Manomin rani na bakin Tiga, wanda bai taɓa ganin rijiyar mai ba, ya wayi gari yana lissafin ko sau nawa zai iya shayar da albasarsa a mako.

Ba dole ba ne arzikin mai ya ƙare haka. Ƙasar Indunusiya ta sami irin wannan kuɗi a irin wannan lokaci. Ta rage darajar kuɗinta a 1978 don kada kayan waje su kashe na gida, ta zuba dukiya a gyaran ƙananan hanyoyin ruwa da hanyoyin ƙauye, ta tsare wa manomin shinkafa farashi, a 1984 ta wadatu da shinkafar kanta. Bambancin shi ne, can an bi abincin da mutane suka gada da manomin da ke noma shi, nan kuwa an bi abincin da jirgin ruwa ya kawo.

7. Kammalawa

Hukuncin da ya dace da Tarkon Alkama shi ne, littafi ne mai gaskiya a kan abin da ya ɗauka, shekaru arba'in kuma ba su ƙaryata shi ba. Ya cancanci a juya shi da Hausa, domin mutanen da ya ke magana a kansu su karanta su yi nasu hukunci. Rauninsa shi ne ya bi ƙwayar alkama daga jirgi zuwa tanda, saboda haka manomi ya kan fito a cikinsa a matsayin wanda a ke yi wa abu, alhali tarihin ƙasar kudancin Kano ya nuna shi yana zaɓe, yana ƙi, yana juya abin da aka kawo masa.

Ga malaman da ke horad da masu koyarwa, amfanin wannan a fili ya ke. In an zo darasin man fetur, ba sai an tsaya ga taswirar bakin teku kaɗai ba. Ɗalibin da ya fito daga Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa yana iya tambayar dattawan garinsu abin da a ke shukawa kafin 1974, da inda garinsu ya ke kafin ruwa ya zo, da shekarar da aka daina biyan haraji, da abin da buhun taki ya ke ci daga cikin buhunan masara. Dattawan da suka ga tashin garuruwan da Tiga ta cinye suna ƙarewa, labarinsu kuwa, da waƙoƙin da mata suka yi a kan ƙaura, aikin masu nazarin Hausa ne su tattara tun ba a makara ba. Da irin waɗannan amsoshi ne za a rubuta littafin da zai cike giɓin da Andrae da Beckman suka bari.